Ranar da Motar Yaya Ta Ƙi Hawan Tudu

Na Allah ne mu duka, wurinsa kuma za a tattara mu. Yaya dai ya riga mu isa. Ya rasu wata Laraba da hantsi a gidansa na Birnin Kudu, bayan ya sha kununsa ya ce a gyara masa matashi. Ba a gama gyarawa ba ya tafi.

Na zauna zaman makoki da yawa a rayuwata, domin mai son shinkafar sadaka irina labarin rasuwa ba ya wuce shi. Amma ban taɓa zama inda liman ya yi ta tsawatar wa jama'a su daina dariya ba sai a na Yaya. Mutum zai shigo da fuska a murtuke, ya durƙusa ya ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa." Mu amsa. Sai ya dubi tsohuwar rumfar da Yaya ya yi aiki a cikinta, can sai ka ga kafaɗunsa sun fara rawa. Wani tsohon direba ya zo daga Gwaram, ya shafa fatiha, hawaye na zuba, ya ce, "Wallahi mutumin nan ya taɓa sa ni na hau tudu da baya, fasinjoji suna kallon inda muka fito." Liman ya ce, "Jama'a, makoki fa muke." Bai rufe baki ba wasu tsofaffin mata daga Unguwar Ya suka iso za su shiga cikin gida. Ɗayarsu ta tsaya a bakin zaure, ta dogara sandarta, ta ce da ni, "Auta, yanzu kuma wa zai kira mu kaya?" Liman da kansa ya sa hannun riga ya rufe baki.

Jikokinsa suna zaune suna kallonmu kamar mun zautu. Su tsoho kawai suka sani, mai rediyo a kunne, mai faɗa in an taka masa tabarma. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na sani. Karatuna bai wuce na yaƙi da jahilci ba, shi ma rabinsa daga bakin taga na yi shi, saboda haka wanda ya ga harafi ya karkace ya miƙe shi da kansa.

Yaya bakanike ne, amma bai yarda da mota a fili ba. Za ka kawo masa mota ka ce ba ta da ƙarfi, ka tayar da ita a gaban rumfarsa tana ruri kamar ba abin da ke damunta, sai ya ce, "Kashe. A nan kowace mota jaruma ce. Mu je inda za ta faɗi gaskiya." Inda za ta faɗi gaskiyar kuwa wani hawa ne a hanyar Sara, wurin da hanya ke gangarawa cikin kwarin rafi sannan ta miƙe sama tsakanin duwatsu. Kuma ba ya kai mota can wayam. Cewa yake motar da ba ta ɗauki nauyi ba tana iya yin ƙarya ko a kan tudu. Sai ya tsaya a bakin hanya ya kwashi duk wanda ke tafiya a ƙasa: mata masu tallar daddawa, tsoho da akuyarsa, mai ɗauke da damin rake. In sun fara godiya sai ya ɗaga hannu. "Kada ku gode mini. Ku ba fasinja ba ne, kaya ne. Ku zauna ku yi nauyi."

Babban kayansa kuwa ni ne. Allah ya yi ni da jiki tun ina saurayi, ga shi teburin goron da nake da shi a tasha bai cika ganina ba. Yaya ya ce na fi buhun gero amfani, tunda ni da ƙafata nake hawa. Shekaru na yi ina wannan aiki, kuma ban taɓa jin an ce na gaza ba.

In an doshi hawan, shi ba ya tuƙi. Mai motar yake bari ya tuƙa, shi ya zauna a gefe, ya cire hula, ya rufe ido. In inji na ihu amma mota na jan ciki, ga ƙauri kamar an ƙona tsumma, ya ce kuloci ya cinye. In tana fizga tana tari tana harbi ta salansa, ya ce wuta ce, a duba fulogi da wayoyinsa. In ta turnuƙe mu da baƙin hayaƙi, ya ce numfashinta ya toshe, a kwance matatar iska a kakkaɓe. In kuwa ta fara hawa lafiya sannan ta yi ta yin sanyi a hankali kamar mai azumi da la'asar, ya ce ƙishirwa ce, mai ba ya isowa inji. Daga nan sai ya buɗe ido ya yi tambayarsa da kowa ya sani: "Me ka yi mata na ƙarshe?" Mai mota ya ce, "Wallahi ban taɓa ta ba." Yaya ya ce, "Duk haka kuke cewa. Sake tunani."

Ba kullum ake wanyewa lafiya ba. Wata rana mota ta mutu mana a tsakiyar hawan, aka sa dutse a bayan taya, Yaya ya leƙo ya ce, "To kaya, a sauko a tura." Wata mai daddawa ta riƙe ƙugu ta ce, "Kai ɗan nan, a ina ka taɓa ganin kaya sun tura mota?" Ya ce, "A inda kaya suke mayar da magana." Suka tura suna zaginsa, shi yana ƙyalƙyala dariya. Amma na sha ganin ranar kasuwar Sara ya fito da mota lafiyayya garau ya ce yana jin wani ɗan ƙara a cikinta. Ba wani ƙara. Ya hango tsofaffi ne sun kama hanya da kaya a ka, ga rana ta yi zafi.

Yanzu bari in zo kan Inna, domin ba a ba da labarin Yaya a bar ta.

Yaya ɗan fari ne, ni ne auta. Inna kuwa irin matan da ne masu kunyar ɗan fari ta gaske. Tun da aka yaye shi aka kai shi Wurno wurin kakarmu, can ya girma. Ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon fuskarsa, ba ta yi masa magana baki da baki. In ya zo gaishe ta sai ya durƙusa daga bakin ƙofa, ita ta juya wa ƙofar baya ta ce "um," shi ke nan an gaisa. In tana da saƙo, ni ne ɗan aike, ko da kuwa yana tsugune a wurin. "Auta, ka gaya wa mai ƙarfen nan rigarsa ta yage a kafaɗa." In juya in ce, "Yaya, wai rigarka ta yage." Ya ce, "Ka ce na ji." Wani lokaci nakan ƙara gishiri a hanya. Ta ce a gaya masa ya rage yawo a rana, in ce wai ya saya wa Auta tsire. Inna ta jefo ni da mafici.

Yaran yanzu za su ce ƙiyayya ce. Ba ƙiyayya ba ce. Mu dai haka muka taso muka gani, shi ma bai taɓa kuka da abin ba.

A shekarun da arzikin man fetur ya buɗe, motoci suka cika hanya, Yaya ya samo wata akori-kura da ta yi hatsari, ya zauna ya haɗa ta da hannunsa har ta tashi. Motarsa ta farko ke nan. A shekarar ne kuma Allah ya kira Inna aikin Hajji. Kawu, ƙaninta, wanda ke fataucin hatsi a Gwaram, shi ne zai raka ta. Sai an kai su Kano su hau jirgi.

Wata rana muna zaune a rumfa Yaya ya ce da ni, yana goge sufana bai dube ni ba, "Auta, ni zan kai ta Kano." Na ce ai ba wani abu ba ne. Ya ce, "A wurinka. Ni tun da aka haife ni ban taɓa zama a inuwa ɗaya da ita har inuwar ta gusa ba. Daga nan zuwa Kano tafiya ce mai tsawo. Ko ba ta ce komai ba, ai tana zaune." Ban sami abin tsokana a maganar ba, abin da ba ya cika faruwa da ni.

Na kai saƙo. Inna ta ce, "Ka ce in motar tasa tana tafiya." A bakin Inna wannan amincewa ce har da guɗa.

Ana saura 'yan kwanaki tafiya motar ta fara iskanci. A cikin gari lafiya lau. Amma da Yaya ya loda mu, ni da Kawu da buhunan masarar Kawu, muka nufi Gwaram, muna zuwa hawan nan ta fara sanyi. Ya taka totur har ƙasa, ta yi kamar ba da ita ake ba. Ya sauko giya, ta ɗan yunƙura, ta yi tari, ta mutu.

Kawu ya diro yana gyara babbar riga. "Mai ne ya ƙare. Bakanike guda bai san ana zuba wa mota mai ba." Ya karyo karan dawa a gefen hanya, ya zare murfin tanki, ya zura karan, ya zaro shi jiƙe sharkaf. "To akwai mai." Ya mayar da murfi, ya daki gefen motar da tafin hannu ya ce, "Tashi, 'yar nema." Yaya ya murza makulli, ta tashi, ta haye tudun kamar an biyo ta. A hanyar dawowa ma, da muka yi nisa muka zo wani ɗan hawa, haka ta yi. Kawu ya sake dirowa, ya auna mai da kara, ya dake ta, ta tashi.

Yaya ya ce ƙishirwa ce, wannan ba shakka. Ya canja matatar mai. Muka koma hawan, ta mutu. Ya kwance kafireto, inda mai da iska ke haɗuwa, ya wanke shi tas, ya busa kowace ƙofa da bakinsa. Ta mutu. Ya cire famfon mai ya sa wani. Ya bi tiyon mai tun daga tanki har inji yana neman inda ya lanƙwashe ko ya tsage. Har fulogi ya canja, alhali ya san ba su ba ne, abin da in wani ya yi a gabansa sai ya yi masa dariya. Kullum ta mutu a hawan, kullum Kawu ya sauko da karansa ya tashe ta. Labari ya bazu a tasha cewa motar bakanike ba ta jin maganar kowa sai ta mai hatsi. Kawu ya fara tafiya yana kallon tafin hannunsa.

Ni ma na ba da tawa gudummawar. Na ce, "Yaya, me ka yi mata na ƙarshe?" Ya ce, "Ban taɓa ta ba." Na ce, "Duk haka kuke cewa." Sufanar da ke hannunsa ta wuce ta gefen kunnena.

Ana jibi tafiya Kawu ya yanke hukunci a gaban rumfa, gaban mutane. "Ka ji, ɗan nan. Jirgi ba ya jiran kowa. Ba zan ɗauki yayata in sa ta a motar da sai an lallashe ta ba. In gobe ta sake mutuwa, na yi magana da mai bas a tasha, da shi za mu tafi."

Yaya ya ce, "Kawu, ai da kai za a tafi. In ta mutu sai ka dake ta."

"Hannun nawa na haya ne? Ka gyara motarka ko ka bar mutane su tafi Makka."

"Kawu, hannunka fa ba ya gyara mota."

"To naka ya gyara mana mu gani!"

Ban taɓa jin Yaya ya ɗaga wa Kawu murya ba sai ran nan. Ya ce shekara nawa yana gyaran mota ba a taɓa kawo masa wadda mari ke warkarwa ba. Kawu ya ce to ga ta nan a gidan Yaya. Aka rabu ba sallama. Yaya ya zauna a kan wata tsohuwar taya ya yi tagumi, har aka kira la'asar. Da muka fito daga masallaci sai ya kama hannuna. "Auta, in Kawu ya sauka, me yake yi?" Na ce yana dukan mota. "Kafin nan." Na ce yana zaginka. "Bayan nan." Na ce yana auna mai. Ya saki hannuna ya ce, "Gobe da safe ka je ka ba shi haƙuri, ka taho da shi."

Washegari muka loda muka tafi, Kawu yana gaba ya kumbura. Muna zuwa hawan ta yi sanyi ta mutu. Kawu ya kai hannu zai buɗe ƙofa, Yaya ya ce, "Kawu, don girman Allah, yau dukan kawai za ka yi. Kada ka auna mai." Kawu ya sauka ya dake ta. Aka murza, ta yi tari ta yi shiru. Ya sake dukanta da hannu biyu, har da "tashi mana, kada ki kunyata ni." Ko gezau.

Yaya ya fito, ya cire hula, ya durƙusa ya kara kunnensa a bakin tanki. Ya ce mu yi shiru. Ya kama murfin ya murɗa a hankali. Sai muka ji fuuu, tanki ya ja iska kamar wanda aka daɗe da toshe wa hanci.

Ya zauna daɓas a ƙasa yana dariya. "Gwangwanin madara! Auta, mai shayi huda nawa yake yi wa gwangwanin madara?" Na ce biyu. "Don me?" Na ce ni sha nake yi, ban taɓa tambaya ba. Ya ce, "Ɗaya madara ta fita, ɗaya iska ta shiga. Toshe ta biyun ka ga in madara za ta zubo. Tanki ma haka yake. Famfo yana jan mai, iska ba ta shiga ta maye gurbinsa. A cikin gari ba a jan mai da yawa, ba ta nunawa. In aka yi nisa aka zo hawa, inji ya nemi mai da yawa, sai tanki ya riƙe abinsa. Kawu kuwa duk sanda ya buɗe zai auna, sai ta yi numfashi."

Kawu ya ce, "Ka ga ai hannuna ne."

Ga yadda abin yake. Motar tun da aka samo ta ba ta da murfin tanki, tsumma Yaya yake cusawa, kuma tsumma yana shan iska. Wata safiya ya fito ya tarar an cire tsumman an sa murfi: totuwar masara ce aka naɗe da ƙyalle, aka rufe da jar fata, aka ɗinke, aka shafe da kakin zuma. Ya zaci wani baduku maƙwabcinsa ne da ya taɓa gyara wa keke, ya ji daɗi, bai sake tunawa da abin ba. Shi da yake tambayar kowa abin da aka yi wa mota na ƙarshe.

Kawu ya karɓi murfin yana juyawa. "Wane mara aikin yi ne ya zauna ya toshe wa mota hanci haka? Kawo in wurga shi rafi." Ya ɗaga hannu, sai ya tsaya. Ya matso da shi kusa da ido. Ya bi ɗinkin da farce. Muryarsa ta sauka. "Wannan ɗinkin yayata ne. Haka take toshe goran man shanu tun muna yara. Ko ka kifa shi ɗigo ba ya fita."

Sai a lokacin na tuna wata rana da Yaya ya tsaya a tsakar gidanmu yana yi mini ƙorafin tsumman nan, wai yana tara yashi yana zuba masa a tanki. Inna tana ɗaki a lokacin. Ba ta ce a gaya wa kowa komai ba. Ashe ta zauna ta auna bakin tankin da ido, ta ɗinka, ta fita bayan sallar asuba ta sa da hannunta.

Yaya ya karɓi murfin da hannu biyu. Ya daɗe yana kallonsa. Mutum mai 'ya'ya har da na aure, amma wannan ne abu na farko da ya san uwarsa ta yi masa da hannunta. Kawu ya ce a hankali, "To sai a mayar da tsumma." Yaya ya ce, "Ta fito gobe ta ga tsumma?" Muka koma gida da murfin a aljihunsa, bakin tanki a buɗe, motar tana cin tudu kamar tana jin yunwarsa. A rumfa ya sa basilla a wuta ta yi ja, ya huda murfin tun daga sama har ƙasa, 'yar ƙofa siririya a gindin ɗinki inda ido ba zai kai ba. Muka sake lodi muka koma hawan da murfin a kai. Ta haye ko tari babu. Muka juyo muka sake hawa don Kawu ya ce bai gani da kyau ba.

Ranar tafiya unguwa ta cika ƙofar gida. Inna ta fito cikin farin mayafi, mata suna ta "a yi mana addu'a." Ba ta nufi ƙofar mota ba. Ta zagaya ta bayanta kamar mai duba ko an ɗaure kaya da kyau, ta tsaya a wajen tanki, ta shafa murfin da babban yatsa. Idon da ya ɗinka abu ba a ɓoye masa huda.

"Auta, wa ya huda wannan?"

Yaya yana tsugune yana duba taya. Bai ɗago ba ya ce, "Auta, ka ce aikin ne ya yi kyau da yawa. Ko iska ba ta samu hanya ba. Ita kuwa mota sai da ɗan numfashi."

Na juya zan maimaita, Inna ta ce, "Na ji, ba kurma ba ce ni." Ta sake shafa murfin. "Ka ce da an yi magana, da na bar mata ƙofa tun farko." Na buɗe baki, Yaya ya ce, "Ni ma na ji."

Wajen zama aka yi ƙaramin rikici. Kawu ya riga ya kama ƙofar gaba, Inna ta ce Auta ne zai zauna a tsakiya. Ba za ta zauna kafaɗa da kafaɗa da ɗan fari ba, kuma a duk gidan ba katangar da ta kai ni kauri. Kawu ya hau baya kan katifa da 'yan rakiya, yana cewa shi da zai je Makka an mayar da shi kaya.

Muka kama hanyar Kano. Yaya na tuƙi kamar ya ɗauko ƙwai. Inna na kallon taga tana jan carbi. Na saci kallon Yaya, na ga fuskarsa kamar ta yaron da aka yi wa ɗinkin salla. Da muka yi nisa muka zo wani dogon hawa bayan wata gada, na ji ya riƙe numfashi. Ya sauko giya, ya taka. Motar ta ɗauke mu, da mu da akwatuna da Kawu da katifarsa, ta haye ba ta ko yi gyaran murya ba. Daga baya muka ji Kawu yana dukan rufin mota yana kabbara.

Inna ta taɓa ni da gwiwar hannu. "Auta, ka ce masa Allah ya yi albarka."

Ban san abin da ya shiga kaina ba. Na lumshe ido, na saki wuya, na fara minshari.

"Auta."

Na ƙara ƙarfi.

Ta mintsine ni a cinya, mintsinin da har na dawo gida yana nan shuɗi. Na cije, na ja wani minsharin da gilashi ya yi rawa. Ta ce, "Ɗan banza, na san idonka biyu." Na yi kamar gawa. Ba ka jin komai sai inji da ƙarar carbi. Can carbin ya tsaya. Na buɗe ido ɗaya kaɗan. Inna tana kallon gaba, ba ta juyo ba, amma ba da ni take ba.

"Kai," ta ce. "Allah ya yi maka albarka. Ya ba ka masu yi maka kamar yadda ka yi mini."

Yaya ya buɗe baki zai ce amin. Ƙafarsa ta zame daga kan totur, ya manta da kuloci, ya manta da giya. Mota ta yi fizga ta mutu a shimfiɗaɗɗiyar hanya, fili fetal, ko tudun tururuwa babu. Kawu ya leƙo ta taga yana ihu, "Me kuma ya faru? In sauko?" Yaya ya cire hula ya goge ido da ita ya ce, "Zauna, Kawu. Wannan ba daga motar ba ne." Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Ya murza makulli, muka isa Kano da sauran rana.

Allah ya jiƙan Yaya, ya yafe masa kurakuransa, ya sa nauyin duk wanda ya taɓa ɗauka a hanya ya koma ma'auninsa na lada. Allah ya jiƙan Inna da Kawu da suka daɗe da tafiya. Ya zaunar da uwa da ɗanta a inuwa ɗaya, inda ba a bukatar ɗan aike. Ni kuma in tawa ta zo, Allah ya sa in cika da imani, a ba ni wuri daga gefe.